Ƙulli iri ɗaya, magani daban: ina neman shawara kan ciwon Yayata

Mai tambaya, daga Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Lokotoro ya ce Yayata na da kansar nono. Maƙwabciyarmu ta yi wannan ciwo, ƙullin ma kusan girmansu ɗaya, aka yi mata aiki aka ɗora ta kan ƙwaya, ga ta nan tana harkokinta. Ita kuwa Yaya an ce sai an ɗebi ɗan nama an auna, wataƙila ma da shimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da aka fi bayarwa ta jijiya, za a fara. Me ya kawo bambancin? Inna ta dage wai in ƙarfe ya taɓa daji bazuwa yake. Gwaggonmu ma shi ya yi ajalinta.

Wata ma'aikaciyar lafiya, Zango: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ta lafiya. Girman ƙulli ba shi kaɗai ake dubawa ba. A naman nan ana neman alamomi uku da ke nuna abin da ke sa kansar girma: ER, PR da HER2. Kansa mai ER, sinadarin jikin mace ke ciyar da ita, shi ya sa ƙwaya irin tamoxifen ke kama ta. Mai HER2 nata maganin daban. Wadda ba ta da ko ɗaya ta fi gaggawa, ba ta jin waccan ƙwaya, kuma ana yawan samunta a matanmu na Afirka ta Yamma. Ki lallashi Inna. Jinkiri ke ba ciwon damar kai wa kaluluwar hammata, ba allurar awo ba.

Wani ɗalibin likitanci: In ƙara a kan na Anti. Tun 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya ce kansa da naman da ta samu kamar iri ne da ƙasa. Gero ɗaya ne, amma na jigawa da na fako ba su zuwa daidai. Naman da ke kewaye na iya tsare ƙullin cikin bututun nono, ko ya buɗe masa hanya, ya toho masa da sababbin jijiyoyin jini, har sojojin jiki su yi sanyi. Batun Gwaggo kuma kada ki raina shi don ta wajen uba ce. Lahani a ƙwayoyin halittar gado da ake kira BRCA1 ko BRCA2, wanda ke ƙara haɗarin kansar nono, ana gadonsa daga uba ma, ko da yake kansar gado kashi 5 zuwa 10 ce kawai cikin 100. Ki faɗa wa lokotoro shekarun Gwaggo lokacin da ta kamu.

Wata Hajiya, Sabon Gari: 'Yata, in an tura ku Yamai don gashi, wato ƙona ƙullin da hasken na'ura, ku tafi, cibiyar yaƙi da ciwon kansa tana yi tun 2021. Ku riƙe takardar awon nan da kyau, ita za a fara tambaya.

Mai tambaya: Na gode. Hajiya, ko za ki kira Inna da kanki? Ke za ta fi ji.