Neman kalma: yaya za mu kira "governing board" na hukuma?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina da rahoto kan NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa, zai shiga labaran ƙarfe 7. Magana ce kan "governing board" ɗinta da abin da ya kamata ta sa a gaba: tara kuɗin shiga ko tsare rayukan masu shiga kwalekwale. Na rubuta "hukumar gudanarwa ta hukumar kula da hanyoyin ruwa", sai ga hukuma biyu a jere. A agaza.

Hajiya Edita: Kwamitin gudanarwa. Wuce wurin, lokaci na tafiya.

Bayawuri: Hajiya, da ɗan gyara. Gudanarwa ai aikin manajan darakta ne da ma'aikatansa a hedkwatar Lakwaja. Su waɗannan zama suke yi jefi-jefi, su tsara manufa, su duba kasafi, su tambayi manaja me ya yi. In aka kira su masu gudanarwa, mai sauraro zai ɗauka su ne ke tsayawa bakin ruwa suna hana lodi ya wuce kima. Alhali tambayar da ta hau kansu daban ce. Bayan jirgin da ya nutse kusa da Warra a Kebbi a watan Mayun 2021, da na Pategi a Kwara a Yunin 2023 da ya ci mutum fiye da 100 'yan dawowa daga biki, nawa aka ware wa rigunan kariya, da jami'an sintiri, da cire kututturan da ke cikin ruwa? Hukumar da ke karɓar kuɗin lasisi kuma ita ce mai hana tafiyar dare, dole a sami wanda zai ce mata ga wanda ya fi.

Malam Na Zazzau: Madalla da Bayawuri. Shi ya sa tun tuni nake cewa "majalisar linzami". Hukuma doki ce, manaja ke bisa, linzami na hannun majalisa. Kwamiti kuwa Turanci ne aka sa wa hula. Har yaushe za mu daina bara a ƙofar Bature?

Hajiya Edita: Allah gafarta Malam, ita majalisar da hukumar daga bakin Larabawa muka karɓo su. Kuma wane doki ne mahayinsa daban, mai riƙe da linzami daban?

Malam Na Zazzau: Dokin zage, Hajiya. Larabci kuwa ya kwana ya tashi a gidanmu shekaru aru-aru, ba baƙo ba ne. Ku 'yan rediyo ku kuka lalata harshen nan da gaggawa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar "majalisar gudanarwa" za ka ji an ce, ba wanda ya ruɗe. Amma na sani, in ba daga Kano magana ta fito ba, ba ku ɗaukarta Hausa.

Hajiya Edita: Wa ya kawo Kano nan kuma?

Bayawuri: A lura dai, "board" ɗin alhazai da na Hisba duk hukuma muke ce musu, don su ne ma'aikatar kanta. Wannan kuwa mutane ne da shugaban ƙasa ke naɗawa a saman ma'aikata, yana kuma iya sauke su, kamar yadda Tinubu ya rushe na hukumomin tarayya a Yunin 2023. Ni da "majalisar sa-ido" zan ce.

Ɗan Maraɗi: Sa-ido? A unguwarmu ɗan sa-ido magulmaci ne.

Malam Na Zazzau: Kun gani? Linzami ba shi da wannan aibin.

Mai Fassara: Malam, in na ce linzami a labarin jirgin ruwa, wallahi makami mai linzami za a ɗauka. Saura minti 20. Na sa "majalisar ƙoli ta hukumar NIWA", a ambaton farko na ƙara "wadda ke tsara manufofi da sa ido kan shugabanninta". Fifiko kuma na bar shi "abin da za a sa a gaba".

Hajiya Edita: Ƙoli ya yi mata girma, tunda akwai minista a samanta. Amma karanta hakan, gobe ma tattauna.

Malam Na Zazzau: Na yau kawai na yarda. Zan kawo takardata kan linzami ranar Asabar.