Masu ƙananan kwamfutocin gem, yaya kuka yi da zafin bazarar nan?

Na Kabuga

Assalamu alaikum. Masu ƙananan akwatuna, ku nake nema yau.

A watan Disamba na haɗa kwamfutar gem a cikin NR200P na Cooler Master, akwatin nan mai lita 18 da 'yan ɗoriya, wanda ko jarkar 'yan ga-ruwa ta fi shi ciki. Na sa furosesa Ryzen 7 5800X da katin girafik RTX 3070, da RAM 32GB mai gudun 3600, da ƙaramin fawa-fak na SFX mai wat 750. Murfin gefe biyu ne suka zo a kwalin, na gilashi da mai huji-huji, ni kuma na ɗaura na gilashin don a riƙa ganin fitilu. Sannan na shiga BIOS, wato saitin bod, na sa Curve Optimizer, mai rage wa furosesa boltej, a kan -30 a ƙwayoyin furosesan duka takwas, yadda na ga wani Bature ya yi a bidiyo.

Duk tsawon hunturu ko tari ba ta yi ba. Tun da Maris ya raba sai labari ya sha bamban. Furosesa yana hawa digiri 90 ya zauna daram, katin girafik yana taɓa 83, fankoki suna kuka kamar injin markaɗe. Abin da ya fi ɗaure min kai, ba a tsakiyar gem take mutuwa ba. Sai na tafi masallaci na dawo, in tarar ta kashe kanta ta sake tashi. Ɗakina a sama yake, rufin kwano, babu esi.

Don Allah kada a turo min bidiyo, na kalla har na gaji. Wanda ya taɓa shiga wannan halin ya faɗa min abin da ya yi da hannunsa.

Injiniyan Samaru

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka taɓa komai ka nemi ma'aunin zafin ɗaki, mai arhar nan, ka ajiye shi kusa da kwamfutar. Ni sai da na yi haka sannan na daina zargin kayana. Masu bidiyon nan a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke gwajinsu. Nawa ɗakin, ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, 36 ya nuna. Hitsink, ƙarfen nan da ake ɗaura wa furosesa don ya huce, ba firji ba ne, ba ya haifar da sanyi. Iskar ɗaki yake ɗiba ya kwashe zafi da ita. In iskar ta ƙaru da digiri 14, furosesa ma kusan 14 ɗin zai ƙara. Wanda ya ga 76 a Landan, kai 90 za ka gani a Kano, kaya iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya.

Sai ka yi wani lissafin. An yarje wa 5800X ya ja har wat 142, katinka kuma 220, ga bod da RAM da sauransu. In duka suka ɗau nauyi, kusan wat 400 ke nan. Ka tuna ƙwan fitilar da, mai wat 100, wanda ba ya taɓuwa in ya jima a kunne? Guda huɗu ka kulle a cikin jarka.

Irin furosesanka ne a tawa. Da farko fankoki na ƙara guda biyu masu tsada, digiri biyu kacal na samu, kuɗina suka tafi. Abin da ya yi aiki kyauta ne: a cikin saitin PBO na BIOS na mayar da PPT, wato iyakar wat ɗin da furosesa zai ja, zuwa 105. A manhajar gwajin furosesa ta Cinebench R23 maki ya ragu da kamar kashi biyar cikin ɗari, zafi kuma ya sauko daga 90 zuwa 79. Amma gaskiya a gem saukin bai kai haka ba, don gem ba kasafai yake sa furosesa ya ja wutarsa duka ba. A can katin ne yake gasa shi daga ƙasa.

Ɗan Tudun Wada

Injiniya ya gama magana a kan zafi. Amma mutuwar da take yi in ka bar ta zaune, ba a nan gizo ke saƙar ba. Wannan -30 ɗin ne, na rantse da sanina, don ni ma ya kwana da ni.

Ga yadda abin yake. In aiki ya yi nauyi, ƙwayoyin duka suna gudu matsakaici, boltej ɗin da ka rage bai dame su ba. Sai aiki ya yi sauƙi, ka buɗe burauza ko ka matsa linzami, sai ƙwaya ɗaya ta yi tsalle zuwa ƙololuwar gudunta, sama da 4.7GHz. A nan take buƙatar wutar da ka hana ta, sai ta faɗi. Shi ya sa za ka yi awa guda kana Cinebench lafiya lau, ka ce ka ci nasara.

Ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakurai, ka nemi WHEA-Logger mai lamba 18. Za ka ga an rubuta APIC ID. Ka raba lambar gida biyu, ita ce ƙwayar da ta faɗi. Tawa 6 ta riƙa nunawa, wato ƙwaya ta 3, kuma da na duba manhajar AMD ta Ryzen Master ashe ita ce mai tauraro, wadda ta fi kowace kyau. Masu kyan nan su ne ba sa jure ragi da yawa, don tun daga masana'anta an riga an tsuke su.

Da CoreCycler na gwada, shi yana bin ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Dare uku na yi, saboda daren farko an ɗauke wuta ƙarfe biyu, na biyu kuma ƙanwata ta zare soket ta sa cajar fitila. Inda na tsaya: -12 a manyan biyun, -22 a sauran. Wata takwas ke nan ba ta sake yi min ba.

Maman 'yan biyu

Malam Na Kabuga, tambaya ɗaya: a ina ka ajiye ta, kuma yaushe rabonka da ka leƙa ƙarƙashinta?

Ni da tawa nake haɗa bidiyon biki da rana, da daddare yara su buga ƙwallo. Akwatin irin naka ne. Bara bayan hunturu ta fara min kuka, har in ina fitar da bidiyo sai na rufe ƙofa don kada ta tashi mai barci. Na ɗauka wani abu ne ya lalace. Da na kifa ta, ragar ƙasa ta toshe ɗam da jar ƙurar Kaduna, kamar an shafa mata laka. Ga shi kuma a kan kafet na ajiye ta. Katin girafik ta ƙasan nan yake shaƙar iska, ni kuma na toshe masa hanci har sau biyu.

Na wanke ragar da ruwa na shanya, na bi ciki da bulowa, na ɗora kwamfutar a kan tebur. Katin ya sauko da digiri 9 ba tare da na taɓa wani saiti ba. In za ka hura, ka danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Gilashin nan kuma ka yi haƙuri ka cire shi. Na san yana da kyau a hoto. Nawa ma sai da na yi kwana biyu ina jin haushi.

Mai gyara na bakin kasuwa

Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, kada wani ya ji haka ya ce bari ya cire ragar gaba ɗaya iska ta wadata. Ana kawo min irinsu. Sati biyu suna murna, bayan wata uku ƙurar tana cikin haƙoran hitsink inda bulowa ba ta kaiwa sai an kwance kati. Wanke raga duk sati biyu a hunturu ya fi wannan sauƙi.

Wani yaro ya kawo min tasa watan jiya, ya sayi fankoki har shida bai ga canji ba. Da na ɗaga hitsink, ledar da ake liƙawa a gindinsa tana nan, har da rubutun da ke cewa a ɓare kafin a ɗaura. Wani kuma fankokin sama ya juya suna turo iska ciki, na ƙasa ma suna turowa, zafi ya rasa ƙofar fita. A wannan akwatin ƙasa shiga, sama fita.

Sai man da ake shafa wa furosesa. Akwai na bogi da yawa a kasuwa, kwali mai kyau, ciki kamar man goge baki. Wata biyu ya bushe. Ni yanzu a katin girafik PTM7950 nake sawa in na samu na gaske. Falle ne, yana narkewa a wajen digiri 45, kuma ba ya tsiyayewa gefe yadda mai yake yi in an daɗe ana zafi ana sanyi.

Na Yamai

Gaisuwa daga Nijar. Ku kuna kukan 36, mu nan Afrilu da Mayu 40 ba labari ba ne.

Wurin da Injiniya ya tsaya zan ɗora. Katin shi ne murhun. Nawa ma 3070 ne. Ka buɗe manhajar saita kati ta MSI Afterburner ka danna Ctrl da F, jadawalin boltej zai fito. Na kama ɗigon milibolt 900 na ɗaga shi zuwa 1890MHz, na miƙar da duk abin da ke damansa ya zama layi ɗaya. Kati ya bar jan wat 220 ya koma wajen 165, gudun gem kusan yadda yake. Na so in yi haɗama na sauka 850 da wannan gudun, ya riƙe a yawancin gem, amma da na kunna hasken RTX a Cyberpunk 2077 minti goma ya watso ni waje. Sai na koma 900 na zauna lafiya.

Na biyu, sikirin ɗina 75Hz ne. Me zai sa kati ya riƙa zana hoto 140 a daƙiƙa alhali 75 zan gani? Na ƙayyade shi. Wannan kaɗai ya kashe rabin kukan.

Ni da sola nake aiki da dare, don haka ribar biyu ce: ɗaki bai cika zafi ba, batir kuma yana kai ni kusan awa guda fiye da da.

Ɗalibi a Jamus

Yaya Injiniya, da girmamawa, ni ban ga abin tashin hankali a 90 ba. Iyakar da AMD ta sa wa 5800X ke nan, in ya kai sai ya rage gudu da kansa, ba zai ƙone ba. In kuma kukan ne matsala, a sa mai sanyaya na ruwa mai milimita 240 a huta.

Injiniyan Samaru

Ba zai ƙone ba, haka ne. Amma ba shi kaɗai ne a cikin jarkar ba, RAM da SSD da fawa-fak duk iskar nan suke sha. Na ruwan kuma ka tuna ladiyetarsa da iskar ɗakin take hucewa, 36 ɗin nan dai. Zai jinkirta hawan zafin, zai rage kuka, ban musa ba. Ka dawo hutu a watan azumi in ya faɗo a bazara, mu gwada a ɗakina.

Na Maiduguri

Abin da Injiniya ya ce na RAM, ni ne shaida. Tawa ba ta mutuwa, gem ne yake rufe kansa bayan kamar awa guda, kullum bayan awa guda. Na yi gwajin RAM na MemTest86 da safe har zagaye huɗu, babu kuskure ko ɗaya. Wata rana sai na ce bari in gwada ta a halin da take faɗuwa: na kunna FurMark kati ya gasa akwatin, na kunna TestMem5 mai gwada RAM a lokaci guda, da azahar. Minti 25 kurakurai suka fara zubowa. Hucin katin ne yake tashi kai tsaye ya bugi RAM.

Na sauke gudun daga 3600 zuwa 3200 abin ya tsaya. Daga baya na sa manhajar Fan Control, na ɗaure fankokin sama da zafin katin maimakon na furosesa, don a BIOS furosesa kawai suke saurare. Da haka na koma 3600.

Wani abu daban: in a kan inbata kake, ka tabbata mai tsaftatacciyar wuta ce. Tsohuwar tawa mai arha ce, fawa-fak yana ƙara kamar ƙudan zuma, in kati ya zabura sai komai ya ɗauke. Na daɗe ina zargin zafi a banza.

Na Kabuga

Allah ya saka muku da alheri. Na yi kwana shida ina bi ɗaya bayan ɗaya, don in san wanne ya yi me.

Ma'auni ya nuna 37 a ɗakina da la'asar. Hajiya, kin kama ni, a kan kafet take, ragar kuma ba a magana. Wanke ta da hawa tebur da sauya murfi sun sauke katin daga 83 zuwa 74. Da na yi na ɗan'uwanmu na Yamai ya koma 68, furosesa kuma a gem ya bar 90 ya dawo 81 tun ban taɓa shi ba. PPT na sa 110.

Event Viewer kuwa cike yake da lamba 18, har da na watan Janairu guda biyu da ban lura da su ba, na ɗauka wuta ce ta gifta. APIC ID 2 da 10. Na mayar da waɗannan -10, sauran -20, CoreCycler ya kwana biyu bai yi ƙorafi ba.

Saura SSD ɗin da ke bayan bod, manhajar HWiNFO tana nuna min digiri 71 in ana sauke gem babba. Wanda ya taɓa matsar da nasa gaba ƙarƙashin ƙarfen bod ya faɗa min ko ya ga bambanci. Gilashin kuma na naɗe shi da tsohon zanin Umma na tura ƙarƙashin gado, sai Nuwamba.