Neman kalmar Hausa: me za mu kira swell a hasashen yanayin teku?

Assalamu alaikum, malamai masu aikin fassara da 'yan uwa na gidajen rediyo. Akwai wata kalma da ta hana ni sakat tun shigowar sanyi, ina so mu yi mata matsaya.

Cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Mayami tana rufe kakar guguwar Atilantika ranar 30 ga Nuwamba, amma hasashen da take yi wa masu jiragen ruwa ba ya tsayawa. Daga Disamba zuwa Maris, wata kalma da ke yawan fitowa a cikinsa ita ce swell, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke gani da Faransanci a matsayin houle. Mu kuwa duk igiyar ruwa muke ce musu, da ita da wadda iskar wurin ta tayar. Abu biyu ne daban, kuma bambancinsu yana iya zama bambancin komawa gida da kifewar kwale-kwale.

Na taɓa tsayawa bakin teku a Legas da sassafe. Iskar da ke kaɗawa ko hular mutum ba za ta ture ba. Amma can nesa sai ka ga ruwa ya taso dogo kamar kunyar gona, ya taho a natse, wani na bin sa, wani na bin wancan. Sai ya zo gaɓa ya miƙe tsaye ya faɗi da ƙarar da kake ji a ƙirjinka. Masunta sun riƙe jirginsu ruwa iya gwiwa, babbansu yana kallo yana ƙirgawa, sai da manyan suka wuce ya daka tsawa suka tura. Wannan ita ce swell: igiyar da guguwa ta haifa a wata duniyar, guguwar ta mutu ko ta wuce, ita kuma ta ci gaba da tafiya.

Ga lissafinta. Igiyar da iskar wuri ta tayar gajera ce, a hargitse, tsakanin ɗaya da ɗaya bai cika kai sakan 8 ba. Ta nesa kuwa tazararta kan kai sakan 12 zuwa 20. Mai sakan 15, daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa kusan mita 350 ne, kuma tana cin kimanin kilomita 1,000 a kwana guda. Don haka guguwar sanyi da ta taso tsakanin gabashin Kanada da Iceland, bayan 'yan kwanaki sai a ga aikinta a gaɓar Maroko da tsibiran Kanari da Dakar, a can yamma kuma a arewacin Puerto Rico, alhali rana na haske tar.

To, da aka nemi fassararta, me aka kawo?

Wani malami ya ce kumburin teku. Malam, da girmamawa, wannan bin Turancin ne sawu da ƙafa. Kumburi a wuri ɗaya yake zama, ita kuwa wannan tafiya ce aikinta.

Wata baiwar Allah ta ce toroƙo. Hajiya, kalmar ta yi daɗi kuma tamu ce tsantsa, amma ina roƙon a ajiye ta. Toroƙo cikar ruwa ne ya tasar wa gaɓa, za mu buƙace shi ranar da guguwa ta turo teku cikin gari.

Wani ɗan uwa daga Damagaram ya ce baƙuwar igiya. Na daɗe ina juya wannan, domin ta kama rabin maganar: daga nesa take. Abin da ta rasa shi ne yawa da tsari. Baƙuwa ɗaya ce, kuma ba a san lokacin zuwanta ba.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne ayarin igiya.

Ba ni na fara ba, Hausa ce ta share hanya tun da ta ce raƙuman ruwa. Raƙuma in sun taso daga nesa, a jere, kowane na bin sawun na gabansa, ai ayari ne. Duk wanda ya ga hoton ayarin gishiri tsakanin Bilma da Agadas ya ga siffar abin: layi ɗaya, taku ɗaya, an baro gida da kwanaki. Har madugu akwai. A teku mai zurfi, igiya mafi doguwar tazara ita ta fi gudu, saboda haka ita ke fara isowa, sauran su biyo baya a hankali, tazarar na raguwa. Masana na duba wannan raguwar su faɗi nisan inda guguwar ta auku. Ƙananan igiyoyi kuwa a hanya suke ƙarewa, shi ya sa abin da ke isowa yake a tsare. A 1963 masanin teku Walter Munk da abokan aikinsa sun kafa na'urori a faɗin tekun Fasifik, suka bi irin wannan ayari daga kudancin New Zealand har Alaska, tafiyar fiye da kilomita 10,000.

Na san za a ce ayari na mutane ne da dabbobi. Amma muna cewa ayarin motoci, babu wanda kunnensa ya ƙi.

A gwada a baki, kamar ana karanta labarai: "Ana sa ran ayarin igiya daga arewa maso yamma, tsayi mita 3, tazara sakan 15, zai iso gaɓar Senegal daren Laraba." A ce sakan, domin daƙiƙa wasu minti suke ji. Sannan tsayin da ake faɗa matsakaicin manyan ne, wato kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi. Ɗaiɗaiku na iya kusan ninka shi, kuma ya kamata mai karatu ya faɗi haka.

Ɗayar kuma, wadda iskar wurin ke tayarwa, mu ce mata igiyar iska. Mashigin Tehuantepec a kudancin Meziko ya nuna su duka biyun. Da sanyi, iska mai nauyi daga Arewacin Amurka kan matse ta ratsa tsakanin duwatsu ta faɗa Fasifik da gudun da ya wuce kilomita 63 a awa, matakin da ake fitar da gargaɗi. Kusa da gaɓa igiyar iska ce, gajera mai tsini. Ɗaruruwan kilomita kudu, inda iskar ta lafa, ta zama ayari.

Sai a kula, kada a fassara sanyin da ake nufi a nan da kalmar hunturu. Namu hunturun a mashigin Gini hazo yake kawowa, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, ta rage wa matuƙa gani, teku kuwa ta fi kwanciya. Manyan ayarin Legas da Kwatano da Akara daga kudu suke zuwa, wajen Yuni zuwa Satumba, lokacin sanyin kudancin duniya, mu kuma muna tsakiyar damina. Gara a ce sanyin arewacin duniya ko na kudanci.

Abin ya dame ni ne saboda matasan da ke shiga kwale-kwale daga Senegal da Muritaniya zuwa Kanari suna duba sama su ga garau, su ɗauka teku ma haka take. Idan rediyo ya ce igiyar ruwa kawai, sai su nemi iska su rasa.

'Yan uwa mazauna zangon Akara da Kwatano da Duwala, ku tambayar mana masu harkar kifi na kusa da ku ko suna da sunan da suke kiran ta. In akwai, nasu ne gaba da nawa. Kafin nan, ayarin igiya zan sa a fassarar gobe.