Neman shawara kan kayan aikin sa tayil a ɗaki

Sabon Magidanci:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da ɗaki a Kano mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 12, ƙasansa daɓen siminti ne, kuma ina son in sa masa tayil da hannuna domin kuɗin mai aiki ya fi ƙarfina a yanzu. Na zaga Kasuwar Ƙofar Ruwa na ga mai faɗin santimita 60 wanda ya kwanta mini a rai. Ina roƙon masana su faɗa mini kayan aikin da ba makawa sai da su, da yawan kwalin da zan saya, da kuma abin da ya fi dacewa in liƙa shi da shi tsakanin siminti da gam, wato garin liƙa tayil da ake kwaɓawa da ruwa.

Tsohon Birkila:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka fitar da ko naira ɗaya, ka ɗora dogon katako miƙaƙƙe a kan daɓen ta kowace fuska, ka duba ko akwai tudu ko kwari, domin babban tayil ba ya rufa wa ƙasa mara daidai asiri. Duk inda ya sami rami a ƙarƙashinsa, nan zai tsage ranar da aka ɗora masa ƙafar gado. Idan daɓen ya karkace, sai ka fara gyara shi da siminti da yashi, ka bari ya bushe sosai.

Kayan da za ka riƙe ba su da yawa. Kana buƙatar tef na awo, da igiya, da lebur na auna daidaiton ƙasa, da cokalin gini, da kwanon kwaɓi, da gudumar roba, domin ta ƙarfe fasa tayil take yi. Abin yankan tayil kuwa, aro ko haya ya fi maka, tunda ɗaki ɗaya ne. Ka ja igiya biyu su gitta a tsakiyar ɗakin, ka tabbatar da kusurwarsu da awon ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya gefen, tsakaninsu ya ba ka ƙafa 5, saboda bangon gidajenmu ba kasafai yake miƙewa ba, kuma wanda ya bi bango layinsa zai kauce. Ni dai da siminti na saba aiki, bayan na jiƙa tayil ɗin a ruwa.

Ma'aikacin Gini:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ɗan ƙari a kan batun jiƙawa. Wannan dabarar ta tayil ɗin da bayansa ke shan ruwa ce, irin wanda aka fi sawa a bango. Yawancin masu santimita 60 kuwa fosilin ne, wanda kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, shi ya sa siminti zalla ba ya kama shi da kyau, sai bayan wani lokaci a ƙwanƙwasa a ji yana ƙara kamar ba komai a ƙasansa. Malam, ka ɗiga ruwa a bayan guda ɗaya. Idan ruwan ya tsaya bai shige ba, gam za ka saya, tare da cokali mai haƙora wanda zai shimfiɗa shi da kauri ɗaya. Ka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, musamman da hunturu ko lokacin zafi, domin yana saurin bushewa a kwano. Ka kuma nemi 'yan robobin nan da ake sawa tsakanin tayil da tayil don layi ya fita daidai, sannan ka bar aikin ya kwana kafin ka taka ko ka cike layukan. Idan za ka yi yanka da injin giranda, ka rufe hanci da idanu, domin ƙurar tana illata huhu.

Mai Shagon Kayan Gini:
Ga lissafin kwali, Malam. Ɗakinka ya kai kusan murabba'in mita 13.4, kwalin mai santimita 60 kuma galibi guda 4 ne a ciki, wato murabba'in mita 1.44. Idan ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kwali 11 zai ishe ka, ban da wanda za ka zagaye gindin bango da shi. Ka duba lambar da ke jikin kowane kwali ta zama iri ɗaya, saboda launi yakan ɗan bambanta tsakanin zubi da zubi ko da sunan ɗaya ne, kuma ka sa a buɗe maka su a gabanka kafin a loda.

Sabon Magidanci:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada katakon kamar yadda Baba ya ce, na tarar da kwari a wajen ƙofa. Shin gam zai iya cike shi, ko sai na gyara daɓen tukuna?

Tsohon Birkila:
Ka gyara daɓen tukuna, ɗana. Gam an yi shi ne don a shimfiɗa shi siriri, ga shi kuma ya fi siminti tsada, saboda haka cike rami da shi asarar kuɗi ce. Ka kankare wurin, ka share ƙura, ka yayyafa ruwa, sannan ka cike da siminti da yashi ka daidaita da katakon nan naka.