Fayif mai 20 zai ɗauki wayar wuta shida? Ina neman shawara kafin a yi filasta

Mai gini a Tumfure:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ginin ɗaki uku da falo a Tumfure, nan Gombe. An gama rufi, yanzu ana sassaƙa bango ana binne fayif ɗin wayarin, mai filasta kuma ya ce ranar Asabar zai shigo da yaransa.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Daga akwatin DB, wato akwatin rarraba wuta, zuwa falo zai kai mita 8, kuma fayif ɗin ya lanƙwasa sau biyu. Mai wayarin ya binne fayif mai 20 (faɗin milimita 20) guda ɗaya tal, wai a ciki zai zura waya mai 4 guda uku na AC, da mai 2.5 guda uku na soket (lambobin kaurin wayar ke nan). Na ce masa anya kuwa? Sai ya ɗauko guntun fayif ya cusa duka shidan a gabana, suka shige, ya ce, "Ka gani Alhaji, har da sauran wuri." Yaron mai hankali ne, ba na zarginsa da ha'inci. Amma gidan da iyalina za su kwana ne. Don Allah masana, in bar shi ko in sa a canza?

Tsohon mai wayarin, Bolari:

Wa alaikumus salam Alhaji. A dakata da filastar nan tukuna.

Gwajin guntun fayif ba ya nuna komai. A taƙi ɗaya kowace waya za ta wuce. A ranar jan waya ake gane gaskiya: mutum ɗaya na ja da fishin tef, wato igiyar jan waya ta cikin fayif, ɗaya na turawa, an wuce lanƙwasar farko da ƙyar, a ta biyu abu ya cije. Daga nan yara sukan naɗe tef a hannu, su dafe bango da ƙafa, su fizga. Wayar za ta fito, amma rigarta ta ɗaye a inda ido ba ya gani. Wasu har ruwan omo ko man gyaɗa suke ɗurawa don ta sulale. Gida zai yi ta aiki lafiya har damina ta faɗi bango ya sha ruwa, sannan bireka ta fara faɗuwa ba dalili, ko yaro ya dafa bango ya ce wuta ta ja shi. A lokacin ba sauran magani sai guduma da kurfi a kan fentin da ka kashe wa kuɗi.

Yadda aka koya mana, waya ba ta cin fiye da kashi 40 cikin 100 na cikin fayif. Kuma in lanƙwasa ta wuce biyu, a sa akwatin ja a tsakani, wato akwatin da ake buɗewa a ja waya daga nan.

Injiniya daga Bauchi:

Baba ya gama magana, ni lissafi kawai zan ƙara, don Alhaji ya samu abin nuna wa yaron. A ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, wadda da ita aka koyar da yawancinmu, littafin jagorarta ya ba kowace waya maki, kowane fayif ma da makinsa. In jimillar makin wayoyi ta wuce na fayif, fayif ya yi kaɗan.

A gajeren fayif miƙaƙƙe wanda bai wuce mita 3 ba, mai 20 yana da maki 460, wayoyinka shida kuwa 303 ne. Ka ga yaron bai yi ƙarya ba, a guntu suna shiga. Amma naka mita 8 ne da lanƙwasa biyu, a nan jadawalin daban ne: mai 4 maki 43, mai 2.5 maki 30. Uku-uku sun ba da 129 da 90, jimilla 219. Makin mai 20 a wannan tsawon ya sauko zuwa 159, na mai 25 kuma 292. Don haka mai 20 ya faɗi, mai 25 ya ci.

Duk da haka ni ba mai 25 zan ce ka saya ba, saboda zafi. Waya mai rigar roba iyakarta digiri 70. Mai 2.5 a cikin fayif tana ɗaukar amfiya 24, amma wannan a yanayin digiri 30 aka auna. Kowa ya san Gombe a Maris da Afrilu, ana taɓa 40, a nan sai a ninka da 0.87. In layi biyu suka haɗu a fayif ɗaya suna ɗumama juna, a sake ninkawa da 0.8. Abin da ya rage bai kai amfiya 17 ba, alhali bireka mai 20 aka saba sa wa soket. Ke nan waya na iya gasuwa bireka ba ta motsa ba. In ka raba su, kowane layi da fayif ɗinsa mai 20, 129 da 90 duk suna ƙasa da 159, mai 2.5 kuma ta koma kusan amfiya 21. Matsala biyu ta tafi lokaci guda.

Mai wayarin, Pantami:

Injiniya, lissafinka daidai ne, amma a yi mana adalci. Mai gida ne zai karɓi takardar kaya ya soke rabin fayif, ya ce gidan wane da mai 20 aka yi kuma bai ƙone ba. In ka dage ya kira wani. Alhaji, tunda kai mai son a yi daidai ne, ka duba fayif ɗin kansa. Akwai mai laushi a kasuwa wanda yatsa biyu ke matse shi. In aka gasa irinsa a wuta aka lanƙwasa ba sifirin a ciki, wurin yana tsukewa, mai 20 ya koma abin da bai kai ba. Ka bi lanƙwasar nan biyu da hannunka tun ba a rufe ba.

Mai gini a Tumfure:

Allah ya saka muku da alheri. Na kai wa yaron lissafin Injiniya, bai yi musu ba, gobe zai faɗaɗa sassaƙar ya ƙara na biyu. Na kuma shafa lanƙwasar kamar yadda ɗan uwa na Pantami ya ce, ta kusa da ƙofa ta ɗan lotsa, za a yanke ta. Saura tambaya ɗaya: wayar dish da ta sola da nake son sawa nan gaba, su bi cikin na soket tunda akwai wuri?

Tsohon mai wayarin, Bolari:

A'a Alhaji, kowacce da nata. Ta dish ba ta zama fayif ɗaya da ta wuta, ta sola kuma mai kauri ce, a ba ta mai 25 daga rufi zuwa inda batir zai zauna. A binne su yanzu ko babu komai a ciki, a bar siririyar wayar ja, a toshe bakin da takardar buhun siminti kafin masu filasta su fara watsa kwaɓi.