Wahalar kaɗawa ce kaɗai ta ɗaukaka konshato na uku na Rakmaninof?

Malam Habibu: Salamu alaikum jama'a. Na daɗe da wannan magana a raina. Cikin konshato huɗu na piyano (wato dogon kiɗan da piyano ke jagoranta tare da ƙungiyar makaɗa) da mawallafin kiɗa ɗan Rasha Sergei Rakmaninof ya rubuta, na biyu ne gaba. Na uku wuyar kaɗawa ce kawai ta yi masa suna, mutane yatsu suke zuwa kallo. Gwanin piyano Josef Hofmann ma, wanda aka sadaukar masa da shi, bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba.

Zainab: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, ban yarda ba. Ka sake sauraren farkonsa. Hannu biyu ne ke bin kari ɗaya a hankali, ba ado ba hayaniya, ko ɗan koyo zai iya buga shi. Wannan karin kuma bai tafi ba. A kashi na biyu, wurin da kiɗan ya yi sauri, masu busa ne suka ɗauke shi a wata siga, piyano na zagaye su. A kashi na ƙarshe ya sake dawowa. Mai neman burge jama'a ba ya irin wannan saƙa.

Malam Habibu: Na ji, Zainabu. To dubi asalin kowanne. A 1897 aka kaɗa simfoninsa na farko (wato babban kiɗan ƙungiyar makaɗa) a Sen Fitasbag, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, ya kwashe kusan shekara uku bai rubuta abin kirki ba. Likita Nikolai Dahl ne ya dawo da shi hayyacinsa a 1900, shi ya sa ya sadaukar masa da na biyun. Bugun nan takwas na farkon na biyun, masu kama da ƙararrawa, kowanne ya fi na baya nauyi, daga ciwo suka fito. Na uku kuwa don rangadin Amurka na 1909 aka tanade shi. Kayan kasuwa ne.

Injiniya Bashir: Haba Malam, don mutum zai ci abinci da aikinsa sai aikin ya zama na banza? A gidan gona na Ivanovka a Rasha ya rubuta shi, inda ya rubuta mafi yawan manyan ayyukansa. A jirgin ruwa da allon piyano marar sauti ya riƙa gwaji, har ya kaɗa shi a New York ranar 28 ga Nuwamba tare da jagoran makaɗa Walter Damrosch. A Janairun 1910 shahararren mawallafin kiɗa Gustav Mahler ya jagoranci makaɗan, ya tsare su har lokacin gwaji ya wuce sosai don a gyara kowane lungu. Mahler ba zai ɓata wannan lokaci kan wasan yatsu ba. Abu ɗaya zan ba ka: da Rakmaninof ya naɗi na ukun a faifai da jagoran makaɗa Eugene Ormandy a Filadalfiya, ya yanke wasu wurare.

Malam Habibu: Yauwa! Mai abu da kansa ya ga ya yi yawa.

Zainab: Yankan nan halinsa ne, Malam. Na huɗu ma sau biyu ya rage shi, a 1928 da 1941. A ganina raunin 1897 ne bai gama warkewa ba, ya bar shi da shakkar aikinsa. Kuma akwai wurin da piyano ke kaɗawa shi kaɗai a kashi na farko, iri biyu ya rubuta masa, mai nauyi da mai sauƙin tafiya. A faifan nan mai sauƙin ya zaɓa.

Hajiya Rabi: Ni abin da ke damuna, duk kun manta da na huɗu. Ku nemi naɗin da makaɗin piyano Michelangeli ya yi masa a 1957, ku saurari kashi na tsakiya, sannan mu yi maganar wanda aka zalunta.

Malam Habibu: Hajiya, wannan muhawarar wata rana ce, kuma ina tare da ke. Zainabu, ina nan kan bakata: minti arba'in ɗin nan ya fi abin da ke cikinsa tsawo. Turo min naɗin da kika fi yarda da shi, wanda ba a yanke komai ba.

Zainab: Na makaɗin piyano Van Cliburn da jagoran makaɗa Kondrashin, 1958. Ka ji shi har ƙarshe kafin ka amsa.