Dattijon da ya kafa mana ƙungiya ya hana kowa magana a taro, ya zan yi da shi?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen wanda ya taɓa riƙe ƙungiya. Wata huɗu ke nan da aka ɗora mani shugabancin ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan birnin Katsina. Mu saba'in da 'yan kai ne a littafi, muna zama Lahadin farko ta kowane wata, daga la'asar zuwa magariba.

Akwai wani dattijo, tsohon hedimasta, shi ya kafa ƙungiyar tun ina firamare, kuma aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙan shi. Da an shafa addu'ar buɗewa sai ya karɓe magana. A fara da kwalbati, ya gangara zamanin da muke ƙarƙashin Kaduna, ya ba da labarin murnar da suka yi da aka ba mu jiha a 1987, ya dire kan yaran yanzu da ba su iya gaisuwa ba. Zaman da ya wuce na duba agogo, minti 47 cur. Wani yaro ya ɗaga hannu, ya dube shi ya ce "kai ɗan wane gida ne?" Yaron bai sake zuwa ba. Da mukan kai hamsin, yanzu mu sha huɗu muka zauna. Zama uku muna kan kwalbatin da ya toshe ba a yanke komai ba, ga damina ta ƙarato.

Abin da ya ɗaure ni: a ƙofar gidan shi muke zama, tabarmi da bencina duk nashi ne, kuma littafin ƙungiya na hannun shi. Matasa sun ce in sa dokar minti uku da tara, wasu sun ce a dakatar da shi, ni kuma har na fara tunanin in aje muƙamin. Wanne ya fi?

Sarkin Zumunci:
Wa alaikumus salam. Ka kore shi kawai, ƙungiya ba gadon gidan kowa ba ce.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Yaya, a ƙofar gidan shi fa na ce muke zama. In kore shi ya tafi ina, cikin gida?

Na Bakin Kasuwa:
Ni a ganina duk matsalar rashin rajista ce. Ku je CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku yi rajista, a samu kundin tsari a rubuce, kowa ya san iyakarsa. Mu da muka yi tamu lauya ya karɓi dubu 150, ya gama mana komai.

Abban Sadiq:
Dubu 150? An yanke ku. Mu dubu 85 muka biya.

Na Bakin Kasuwa:
Har da jarida? Don rajistar amintattu, wato irin wadda ake yi ma ƙungiya, sai an buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ina jin rajistar sunan kasuwanci kuka yi kuke ce mata ta ƙungiya.

Abban Sadiq:
Ina da takardar a gida malam, ba yau na fara ba.

Tela Mai Zare:
Ku daina wahalar da shugaba. Maganin abu ne mai sauƙi: ku maida taron saura minti ashirin a kira magariba. Ladan ne kaɗai mai tsawatarwar da ba a yi ma gardama. In hakan bai yi ba, a samo mashi tsire mai jijiya kafin a buɗe taro.

Mutumin Kusugu:
Ƙanena, dariya ake yi amma ni abin nan ya taɓa ci na, bari in gaya maka don kada ka faɗa ramin da na faɗa. Kada ka kuskura ka sa tara. Na sake faɗa, kada ka sa.

A 2022 ni ne mai tsawatarwa na ƙungiyar masu shaguna na layinmu a nan Daura. Taronmu ya zama kasuwa, mutum uku na magana lokaci guda, wani na amsa waya. Ni da kaina na kawo shawarar duk wanda ya katse wani ya biya naira 200, aka ɗaga hannu aka amince, sakatare ya rubuta. Wata biyu abin ya yi kyau, har ana yaba mani. Wata na uku wanda ya katse magana sai ya zama ma'ajinmu, wanda kuma kawun matata ne, shi ya yi mata walicci. Jama'a duk suka zuba mani ido. Na ce a raina in na kauda kai doka ta mutu, sai na ce, "Kawu, a yi haƙuri, 200." Ya zaro dubu ɗaya sabuwa ya ajiye kan tabarma, ya ce in riƙe canjin don akwai sauran magana huɗu da zai katse. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Ashe ba wasa yake ba.

Muna da dubu 640 a asusu da muka tara don haƙa rijiyar burtsatse, kuma ba a fidda ko sisi sai da sa hannun ma'aji. Daga ranar ya ce hannun shi na ciwo. Aka tura dattawa, ya ce sai yaron da ya ci mutuncin shi a bainar jama'a ya sauka. Na sauka. Ya ce sai na zo na ba shi haƙuri a gaban waɗanda aka yi abin a gabansu. Kafin a kai ga haka aka shiga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, kowa ya koma ta kansa. Da aka zo aka sasanta an riga an cire tallafin mai, mai haƙa rijiya ya ce tsohon farashi ya tafi da zamanin shi. Kuɗin da za su yi mana rijiya har da tanki, ko ramin ba su kai ba. Aka raba ma kowa nashi, ƙungiya ta watse.

Na gida kuwa ba a magana. Matata ta yi wata biyu a gidansu, ba don mun yi faɗa ba, an dai ce ta zo ta duba jikin gwaggonta, aka riƙe ta. Har gaban mai unguwa aka kai ni wai ina wulaƙanta manya. Yau in mun haɗu a jana'iza hannu kawai yake miƙo mani, fuska na kallon gabas. Duk a kan naira 200.

Maman Husna:
Innalillahi. Allah ya kyauta. Amma Malam, laifinku ne da kuka bar asusu a hannun mutum guda. Mu a tamu mutum uku ke sa hannu, kowane biyu sun isa.

Mutumin Kusugu:
Hajiya, yanzu kowa malami ne. Lokacin da muka buɗe asusun wa ya yi tunanin za a yi haka?

Abban Sadiq:
Dubu 640 a 2022 ta haƙa burtsatse har da tanki? Anya? A wajenmu ko a lokacin ta haura miliyan.

Mutumin Kusugu:
Ya danganta da zurfin da aka samu ruwa da irin famfon. Ni ba lissafi na zo yi ba, ciwo na faɗa.

Almajirin Malam:
Ni tun farko tarar ce ban gamsu da ita ba. Malamai sun yi saɓani kan hukunta mutum ta hanyar karɓar dukiyarsa, da yawa ba su yarda ba. Kuma Allah ya yabi muminai a Suratus Shura aya ta 38 da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu. Shawara kuwa ba ta yiwuwa in mutum ɗaya ya cinye lokaci, haka nan ba ta yiwuwa in an kunyata babba. A samu liman ya yi mashi nasiha a keɓe.

Na Bakin Kasuwa:
Akaramakallahu, ai ba alƙali ne ya ci shi tara ba, sharaɗi ne da shi ma ya ɗaga hannu ya yarda. Ba an ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu ba?

Almajirin Malam:
Matuƙar sharaɗin bai halatta haram ba. Ka ƙarasa hadisin mana.

Maman Husna:
Ku bar wannan, ga abin da muka yi ya yi mana aiki. Shekara shida ina shugabar ƙungiyar matan unguwarmu wajen Ƙofar Marusa, kuma mun yi irin wannan uwar, in ta fara ba ta tsayawa. Ba mu ci ta tara ba, girma muka ƙara mata. Muka naɗa ta uwar ƙungiya, ita ke buɗe taro da nasiha, ita ke rufewa da addu'a, tsakiya kuma ba nata ba ne. Sannan duk mai magana sai ta ba sakatariya sunanta tun kafin a fara, a bi layi. Ina da wani mafici ja, wadda ke riƙe da shi ita ke da baki, in ta gama ta miƙa. Kuma abu kamar kwalbatin nan ba a tattauna shi da mutum hamsin. Ka fidda mutum biyar, ka ba su sati biyu su zo da farashin siminti da rodi da kuɗin magini, taro ya ce e ko a'a. Dattijon nan tsoro yake kada a manta shi ne ya kafa. Ka je gida ka same shi da goro, kai da wani sa'an shi, ka ce kana so ya zama uban ƙungiya.

Sarkin Zumunci:
Hajiya taron mata daban, na maza daban. Wa zai miƙa ma tsohon hedimasta mafici?

Maman Husna:
Ƙungiyarmu na nan da ranta, mun saya ma marayu kayan sallah bana. Taka fa, ɗana? Kai da shawararka ita ce a kori mutum daga ƙofar gidan shi.

Tela Mai Zare:
Hajiya ta ci wannan zagayen. A ba Sarkin Zumunci maficin ya fifita.

Tsohon Sakatare:
Duk wanda bai taɓa riƙe biro a taro ba ya ɗan saurara. Na yi sakatare shekara tara. Naɗin uban ƙungiya yana aiki in mutumin mai jin kunya ne, in ba haka ba ka ba shi lasisi ne, nasihar buɗewa za ta kai isha'i. Abu na farko ka raba taron da ƙofar gidan shi. Mutum a ƙofar gidansa sarki ne, ba ka isa ka ce mashi lokaci ya cika ba kana zaune kan tabarmar shi. Ku nemi aji a makarantar firamare ko islamiyyar unguwa, ranar da ba karatu. Ka ce saboda damina ne, kada ruwa ya riƙa tada taro, ba wanda zai ji haushi. Na biyu, littafi ya dawo hannun sakatare, a riƙa karanta abin da aka yanke a zaman baya kafin komai. In mutane suka ji an karanta "ba a yanke komai ba" sau uku a jere, su da kansu za su fara tsawatarwa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode Baba, wannan ta shige ni. Sai dai makarantar da ke kusa da mu nan ya yi hedimasta, har yanzu in ya shiga malamai tashi suke. Na tambayi masu haya, sun ce rumfa ɗaya da kujeru hamsin dubu 18.

Abban Sadiq:
Dubu 18 ta yi yawa, kujera naira 100 ce, rumfa dubu 5.

Na Bakin Kasuwa:
Wace shekarar? Satin da ya wuce na yi suna, 200 na biya kowace kujera, ban da kuɗin mai kurkura da ya kawo.

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Ku yi ta lissafin kujeru. Ni tambayata, matasan nan da gaske surutun tsoho ne ya kore su? Mu a tamu ba wani dattijo mai dogon bayani, amma an watse. Gab da zaɓen 2023 wani ɗan takara ya aiko a ba shi sunaye da lambobin waya wai za a yi tallafi. Ranar mutum ɗari da ashirin suka zo taro, har da waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin wata ba. Aka kawo buhun shinkafa goma, shugabanni suka shiga ɗaki da shi. Tun daga nan in ka kira taro sai a tambaye ka "akwai wani abu?"

Mutumin Kusugu:
Wannan ita ce cutar. Mu ma kafin rigimar tara sai da aka yi ta atamfa.

Maman Husna:
Kada ku tuna mani. Turmi ashirin aka aiko ma mata sittin, wai mu yayyanka. Na mayar masu da abinsu, har yau wasu ba su yafe mani ba.

Tsohon Sakatare:
Kuskure ne mayarwa Hajiya, da kin sayar kin zuba a asusu.

Maman Husna:
In sayar a ce na ci? Baba, ka san bakin mata kuwa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Jama'a, don Allah mu dawo kan dattijon. Yanzun nan bayan isha'i ya aiko jikan shi da takarda, da jan biro, wai in sa shi farko a ajandar Lahadi, yana da "ɗan taƙaitaccen bayani" kan tarihin kwalbatin tun daga wanda ya fara gina shi. In je in same shi kafin Lahadin, ko in bari sai an zauna?

Tela Mai Zare:
Jan biro? Shugaba, ya riga ya yi maka maki.

Ɗan Sabuwar Unguwa:
Hajiya, atamfar nan ta wane ɗan takara ce? Ina jin irin wadda aka kawo unguwarmu ce, mai zuba a wankin farko.